Wa Ya Girmi Wa?

Mu da muka yi karatun boko muka ƙare a sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, da Turanci muke cin abinci. Da shi ake rubuto mana abin da ake so mu gina, da shi muke raɗa wa kowane ɗan ƙaramin abu suna a cikin aikin, da shi kuma kwamfuta ke yi mana ƙorafi in ta ƙi abin da muka ba ta. Saboda haka akwai kalmomin da sauran jama'a ke wucewa ta kansu ba su ko waiwaya ba, mu kuwa sai sun tsayar da mu, domin na'ura ba ta san "ai ka gane abin da nake nufi" ba. Biyu daga cikin irin waɗannan su ne "oldest" da "eldest".

Ƙa'idar da aka ba mu a aji gajeriya ce. "Old" shi ne tsoho. In abu biyu ake gwadawa a ce "older", in sun wuce biyu a ce "oldest". Sai malam ya ƙara da cewa suna da wasu 'yan'uwa, "elder" da "eldest", waɗanda ba a amfani da su sai ga mutane, mutanen ma galibi 'yan gida ɗaya. Kana iya cewa wance ce eldest a cikin 'ya'yan wane, amma ba ka cewa masallacin kaza ne eldest a garin. Kuma elder ba ta yarda "than" ta biyo bayanta ba: in za ka ce wane ya girmi wane, dole ka koma wa older. Muka haddace, muka ci jarrabawa, muka wuce. Babu wanda ya tsaya tambayar dalilin da zai sa harshe ya ajiye kalmomi biyu a kan abin da ake gani kamar ɗaya ne.

Da muka bi sawu daga baya, sai muka tarar labarin a juye yake. Elder da eldest su ne 'yan gida, older da oldest ne baƙin da suka zo suka mamaye. A Turancin da ake yi a Ingila shekara dubu da suka wuce, kalmar tsoho ita ce "eald" ko "ald", gwargwadon yankin da mai magana ya fito. In za su ce "ya fi tsufa" sai su liƙa mata ɗafa-ƙeya. Tun kafin a fara rubuta harshen, ɗafa-ƙeyar nan tana ɗauke da wasalin "i", shi kuma wannan wasali yana da halin janyo wasalin da ya gabace shi zuwa gaban baki. Sai "a" ta koma "e", ald ta haifi "eldra" da "eldest". Daga baya wasalin da ya yi ɓarnar ya ɓace ko ya sauya kama, ya bar tabonsa. Tabon ne muke gani har yau a man da men, foot da feet, long da length, strong da strength. A wancan zamani ma ba "longer" suke cewa ba, "lengra" suke cewa. Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne na jini, har gobe bai daina ba: "alt", "älter", kuma kalmarsu ta iyaye, "Eltern", asalin ma'anarta ita ce waɗanda suka fi girma.

To amma bakin mutane ba ya son wahala. Wajen ƙarni na 15 aka fara daidaita kalmar da tsarin da sauran ke bi, a ɗauki old yadda take a liƙa mata wutsiya. Lengra ta mutu murus, longer ta gaje ta. Elder da eldest kuwa ja da baya suka yi, suka bar wa sababbin kasuwa da fili da gine-gine, suka shige cikin gida suka zauna. Mu da muke fama da tsofaffin manhajoji mun san irin wannan. In ka ga an sabunta komai amma an bar wani ɓangare guda ba a taɓa ba, kada ka yi saurin share shi, wataƙila akwai aikin da yake yi wanda sabon bai iya ba.

Abin da muka tsaya a kai shi ne oldest ƙidaya take yi, eldest kuwa jera mutane take yi a sahu. A Ingila an yi firaminista biyu, uba da ɗa, masu suna ɗaya, William Pitt. Ana ce wa uban "the Elder", ɗan kuma "the Younger". Ɗan ya hau mulki a 1783 yana da shekara 24, ya rasu a 1806 yana da 46, kuma da ya kai ɗari ma Younger zai ci gaba da zama. Pliny the Elder, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79 lokacin aman wutar dutsen Vesuvius, bai kai sittin ba. Laƙabin nasa ba na furfura ba ne, an ba shi ne don a bambanta shi da ɗan 'yar'uwarsa mai irin sunansa. A tsohon wasan karta na Turawa ma, wanda ke zaune a hagun mai rabo, wanda zai fara jefawa, sunansa "eldest hand", ko da shi ne yaron wurin. Nan kam babu ko ƙanshin ranar haihuwa.

Haka abin yake a ɗaya zuriyar kalmomin, wadda Turanci ya aro daga Latin. "Senex" shi ne tsoho, "senior" wanda ya fi tsufa, majalisar manyan Rum kuma "senatus". Daga nan "sir" ya fito, da "señor" na Sifaniyanci, da "Senate", wadda aka fassara mana da Majalisar Dattawa, fassarar da muke ganin ta fi asalin kyau, domin dattijo ya haɗa shekaru da hali. Tsarin mulkin Najeriya ya yarda ɗan shekara 35 ya shiga wannan majalisa. Dokar da aka sa wa hannu a 2018, wadda ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na ɗan majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, ba ta taɓa wancan adadin ba. Wato da yawa daga cikinmu, a lissafin doka, mun isa dattawa. A wurin aiki ma tuni aka liƙa wa wasunmu senior a gaban muƙami bayan shekara biyar ko shida da fara sana'a, alhali in muka je gida ranar Sallah har yanzu mu ake aika sayo ƙanƙara. Larabci ma haka ya yi: "shaikh" tsoho ne a asali, amma Shehun da muke kira iliminsa muke girmamawa, ko gemunsa baƙi ƙirin ne.

Oldest ba ruwanta da wannan duka. Ita hujja take nema, takarda ko awo. Jeanne Calment, 'yar garin Arles a Faransa, an haife ta ranar 21 ga Fabrairu 1875, ta rasu ranar 4 ga Agusta 1997, shekara 122 da kwana 164. Ita ce wadda aka tabbatar ta fi kowa tsawon rai, kuma kalmar "tabbatar" ce ke ɗauke da nauyin zancen: an samu rajistar haihuwarta, da ta aurenta, da sunanta a takardun ƙidayar jama'ar garin. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a yankin da yanzu yake jihar Yobe, an auna itacensa aka samu ya kai kimanin shekara 8,000, ya zama jirgin ruwa mafi daɗewa da aka gano a Afirka. Matar da kwalekwalen, kalma ɗaya Turanci ya ba su, domin tambaya ɗaya aka yi musu: shekara nawa? Kusan kowace unguwa tamu akwai tsohuwar da ake cewa ta haura ɗari, wadda ke lissafin rayuwarta da shekarar fara ko shekarar wata yunwa. Ba za ta taɓa zama oldest a littafin kowa ba, don ba ta da takarda. Amma ka shiga gidan ka tambayi ko ɗan yaye wace ce babba, zai nuna maka ɗakinta.

Duk da son ƙidayarta, oldest tana da nata ruɗanin. In Bature ya ce "my oldest friend", ba ka sani ba ko abokin da ya fi sauran shekaru yake nufi ko wanda suka fi daɗewa tare. Galibi na biyun ne, mai yiwuwa ma sa'ansa ne. Hausa ta raba waɗannan gida biyu, tsufa daban, daɗewa daban. Shi ya sa in muna fassara manhaja muka iske maɓallin "oldest first" a kan jerin saƙonni, ba ma rubuta "mafi tsufa", don saƙo ba ya furfura, "mafi daɗewa" muke sawa. Mu ma dai muna da namu ramin: tsohon gwamna na iya zama ɗan shekara arba'in da biyar, tsohuwar matar wane kuwa wataƙila ba ta kai talatin ba. Sai wani abin dariya a Turancin yau: "older man" ya fi "old man" ƙuruciya. A nahawu older gaba take da old, amma a bakin mutane sassauci ce, kamar yadda mukan ce wane ya manyanta, ko ya kwana biyu, don kada mu ce ya tsufa. "Elderly" ma da haka ta fara, tana nufin wanda ya ɗan soma tsufa, sai ta yi ta nauyi har yanzu wasu likitoci da 'yan jarida a Amurka da Ingila na guje mata suna cewa "older adults".

Hausa ba ta da wutsiyar da ake liƙa wa siffa don gwada abu biyu. Da aikatau muke yi: ya fi shi tsawo, ta fi ta wayo. Amma ga shekarun mutum mun ware aikatau na musamman, mu ce ya girme ni. In ka ji an ce wa yaro "motar nan ta girme ka", to zolaya ce, an ara wa motar matsayin mutum. Kuma wanda ya girme ka ba lallai ne tsoho ba. Ɗan shekara bakwai ya girmi ɗan shekara biyar, kuma zai karɓi haƙƙinsa, in an kasa nama shi zai fara ɗauka. Ga kuma sunayen: wa, ya, yaya, ƙane, ƙanwa, auta, ɗan fari. Bature na iya shekara goma yana ba ka labarin "brother" ɗinsa ba ka san wanda ya girmi wani ba. Mu kuwa da wuya a wuce jimla ta biyu ba a sani ba, domin in ka tsaya a kan "ɗan'uwana" za a tambaye ka, wanka ko ƙanenka? Aikin da eldest ke yi ita kaɗai a wani lungu na Turanci, a wurinmu kusan duk kalmomin zumunta ne ke yin sa tare.

Muna ganin wannan ne ya sa Turancin Najeriya ya ƙirƙiro "senior brother" da "junior sister". Malaman Turanci sun sha jan layi da jan biro a ƙarƙashinsu, suna cewa elder brother ake cewa, kuma a ɗakin jarrabawa gaskiyarsu ce. Amma bakin jama'a ya san abin da yake yi. Elder ta yi sanyi a kunnenmu, older kuwa lissafi ce kawai. Abin da mai magana ke so ya faɗa shi ne mutumin nan yana gaba da ni, in ya yi magana ina saurarawa, in uba ya faɗi shi ne uba. Senior, kalmar ofis da bariki da makarantar kwana, ita ce ta fi kusa da wannan nauyin, sai aka ɗauko ta aka shigar da ita gida. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san siniya siniya ne ko ka girme shi da shekara uku.

Ita kwamfuta oldest kaɗai ta sani, ita ma a juye. Da yawa daga cikin na'urorin da muke aiki da su suna lissafin lokaci ne da adadin sakan da suka wuce tun tsakar daren 1 ga Janairu 1970. Wanda aka haifa a 1990 lambarsa babba ce, wanda aka haifa a 1975 tasa ƙarama, iyayenmu da aka haifa kafin 1970 kuwa lambarsu tana ƙasa da sifili. In kana neman wanda ya fi kowa shekaru a rumbun bayanai, umarnin da za ka bayar shi ne a nemo maka mafi ƙanƙantar lamba. Layi ɗaya ne, ko ɗalibin shekarar farko zai rubuta shi. Sauƙin nan ne ke ba mu tsoro, domin abin da ya zo da sauƙi shi ake ginawa, abin da aka gina kuma shi jama'a za su yi ta gani a fuskar wayarsu har su ɗauka haka tsarin yake. Ga kuma abin da kowa a cikinmu ya sani: buɗe rumbun bayanai mai ɗauke da sunayen dattawanmu, za ka ga tulin mutanen da aka haifa ranar 1 ga Janairu. Mai cike fom ne ya tambayi shekara, aka yi masa kintace, gurbin rana da wata kuma ya ƙi a bar shi babu komai, sai ya sa ɗaya ga watan ɗaya. Na'ura kuwa ta karɓa kamar daga bakin ungozoma ta ji.

Mun ga inda wannan ke kaiwa lokacin da wani babban gida ya ba mu aikin gina musu manhajar zumunci. Zuriyar mutum ɗaya ce, ta bazu daga Kano zuwa Maraɗi har Kumasi, suna da asusun da ake tara kuɗi don biki da rashin lafiya da kuɗin makaranta, kuma suna so kowa ya buɗe waya ya ga yadda gidan ya yi rassa. Ɗan gidan da ya rubuto mana bayanin aikin da Turanci ya sa layi guda, a jera mutane "from the eldest". Kafin mu rubuta komai muka nemi a zaunar da mu da manyan gidan, domin mun san kalmar nan tana da ƙofa fiye da ɗaya. Kuma jerin yana da aiki. Da shi za a san wanda zai sa hannu kafin a fitar da kuɗi, da wanda za a fara kira in an yi rasuwa, da wanda zai ba da aure in uban yarinya ba ya nan.

Abu na farko da ya fito shi ne matan marigayin. Ta biyu ta girmi uwargida da kusan shekara huɗu, kowa ya sani, ita ma uwargidan ba ta musu. Da ranar haihuwa za a bi, da ta biyu ta hau kan uwargida a fuskar waya, a gaban jikoki. Girman uwargida kuwa daga ranar ɗaurin aure yake farawa. Sai autan marigayin, wanda aka haifa bayan babban jikan gidan ya shiga firamare. Jikan yanzu magidanci ne mai furfura a gemu, amma Baffa yake ce wa autan, kuma a taro bayansa yake zama. Sai tagwaye. Su ranarsu ɗaya, a rumbun bayanai kunnen doki suka yi, amma Hassan ne babba don shi ya fara fitowa. Ɗaya daga cikin surukan gidan Bayarabiya ce, ta yi dariya ta ce a wurinsu akasin haka ne: Taiwo ke fara fitowa, amma Kehinde ne babba, shi ya aiko ƙanensa ya ɗanɗano masa duniya tukuna.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na ƙarshe. Muna karanta wa uwargida jerin 'ya'yanta da aka ba mu don ta tabbatar, sunan farko na Alhajin da kowa ke kira babban yaya ne. Ta ɗaga hannu.

"'Ya'yan nan, ba daga nan aka fara ba."

Muka ce, "Hajiya, daga ina aka fara?"

Ta yi shiru, ta kalli ƙanwarta. Ƙanwar ce ta faɗi sunan. Namiji ne, ya yi wata bakwai a duniya, shekara sittin da wani abu da suka wuce. Hajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, saboda kunyar ɗan fari, ba kuma za ta fara yanzu saboda waya ba. Amma ba ta yarda a fara lissafi daga na biyu ba. Alhaji yana zaune a gefe, da furfurarsa da jikokinsa, ya yi murmushi ya ce shi dama riƙon ƙwarya yake yi. Yawancin matasan da ke wurin ranar suka fara jin sunan.

A nan Turanci yana da kalma ta uku, "firstborn", kuma ita ce daidai da ɗan farinmu. Ba ta motsi, mutuwa ma ba ta ƙwace ta. Eldest kuwa tana sauka daga kan wani zuwa kan wani, kamar yadda "babban ɗa" ke yi a wurinmu, shi ya sa lauyoyinsu kan ƙara mata kalma su ce "eldest surviving son", babba a cikin masu rai. Gidan sarautar Ingila ya san wannan sarai. Sarki George na Biyar ɗa na biyu ne, wansa Albert Victor ya rasu a 1892, shi ya hau gado a 1910. Kuma har zuwa dokar 2013, ƙane namiji yana shiga gaban yayarsa mace a layin gado. Sabuwar dokar ta soke wannan ga waɗanda aka haifa bayan 28 ga Oktoba 2011. Wato a can ma sahu da ƙidaya hanya biyu suka daɗe suna bi, sai da majalisa ta zauna kafin a matso da su kusa.

Abin da muka gina musu a ƙarshe yana da gurbi biyu inda aka saba sa ɗaya. Gurbin ranar haihuwa yana nan, amma ana iya barin sa babu komai, ko a sa shekara kaɗai, ko a nuna cewa kintace ne. Ɗaya gurbin na sahu ne, da hannu ake cike shi, kuma mutum uku ne kawai a gidan ke da ikon taɓa shi. Jaririn wata bakwai ya samu layinsa a sama. A ƙa'idar sana'armu abin ƙi ne ka ajiye da hannu abin da na'ura za ta iya lissafowa, domin wata rana biyun za su saɓa. Mun san da haka. Amma a nan dama can a saɓe suke, kuma babu lissafin da zai fitar da ɗaya daga ɗaya. Aikin ya ƙara mako biyu, mai riƙe da kuɗin gidan ya yi gunaguni, ya biya.

Ba muna cewa sahu kullum adalci ne ba. Duk mun san babban wan da ya zauna a kan gadon ƙannensa da sunan girma, mun san 'yar farin da ta yi wa gida komai amma in an zo shawara sai a tsallake ta a kira ƙanenta. Ƙidaya tana da irin nata gaskiyar, ba ta san ɗan mowa ba, ba ta san ɗan bora ba. In fansho za a biya, ko allurar rigakafi za a fara da waɗanda suka fi rauni, ko shekarun shiga makaranta ake dubawa, oldest muke so, kuma za mu yi faɗa da duk wanda ya kawo mana zancen sahu a wurin. Abin da ke damunmu shi ne wa ke zaɓa. A Turancin Amurka na yau da kullum eldest ta kusa zama kalmar littafi, uwa takan ce "my oldest" in tana nufin babban ɗanta, kuma daga can yawancin kayan aikinmu ke fitowa da fom ɗinsu a shirye. In ba a tsaya an tambaya ba, zaɓin yana faruwa ne da tsakar dare a kan teburin wani ɗan shekara talatin da ke sauri ya miƙa aiki, kuma Hajiya ba ta wurin.

Akwai dai wuri ɗaya da eldest ta ɓuya a cikin kayan aikin namu, kuma duk wanda ya daɗe yana rubutu da harshen kwamfuta na Java ya taɓa cin karo da ita. Tun fitowar Java 1.4 a 2002 akwai wani ma'ajin bayanai mai suna LinkedHashMap, wanda ke tuna sahun da abubuwa suka shigo cikinsa. A jikinsa akwai umarni mai suna removeEldestEntry, wato fitar da babba. Ba oldest suka rubuta ba, kuma sun yi daidai, domin ma'ajin bai san ranar da aka ƙirƙiri komai ba, sahu kawai ya sani. Ana amfani da shi wajen gina ma'ajiyar wucin gadi: duk lokacin da sabon abu ya shigo, sai a tambayi umarnin ko a fitar da babban don a samu wuri. Ana iya saita ma'ajin ta hanya biyu. A ta farko, eldest shi ne wanda ya riga kowa shigowa. A ta biyu, duk abin da aka nema sai ya koma ƙarshen layi kamar sabon zuwa, saboda haka eldest shi ne wanda aka fi daɗewa ba a leƙa shi ba. Yadda umarnin ya zo daga masu Java, amsarsa kullum a'a ce, ba ya fitar da kowa. Sai mai rubuta manhaja ya sake shi da hannunsa, ya sa adadin da in an wuce shi za a fara fitarwa, ɗari ko dubu, gwargwadon wurin da yake da shi.